Ƙafar da Ta Hana Ni Injin Zarto

Babanmu, Allah ya jiƙansa, kafinta ne a Nguru, a wata rumfar kwano da ke kan hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kakanmu ne ya taso daga Haɗejiya da zartonsa da gudumarsa ya kafa wurin, Baba ya gaje shi, ni kuma tun ban san ciwon kaina ba mutane ke ce min ni ne magajin rumfa. Mutane ne ke faɗa, ba Baba ba. Shi ba ya faɗa min komai, don ni ne ɗan fari, kuma yana cikin dattawan nan masu kunyar ɗan fari har su tsufa. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in yana maganata da wani sai ya ce "wancan". Ƙanena kuwa, autanmu, daga safe zuwa yamma sunansa ba ya fita daga bakin Baba.

Duk wannan bai hana ni barci ba, domin ina da abin da ƙanena ba shi da shi, wato hannu. Ko in ce ƙafa, don a rumfarmu rabin aikin zarto ƙafa ce ke yin sa. Bencin yankanmu gajere ne, iyakarsa gwiwa. Sai ka shimfiɗa katako a kai, ka zare takalmi, ka ɗora ƙafar hagu ka danne, babban yatsanka dab da layin fensir, sannan ka shiga tura zarto gaba. Ƙafar ce ke ji in katako ya fara rawa, ita ke ƙara nauyi, ita ke bin zarton a baya kaɗan-kaɗan har a kai ƙarshe. Haka kakanmu ya yi, haka Baba ya yi, ni kuma na zo na fi su, kuma ba cika baki nake yi ba. Ina iya yanka ina hira da mai wucewa, idona na kan titi, layi bai kauce ba. Masu bandar kifi da ke zuwa a haɗa musu akwati sukan tsaya kallona har su manta da abin da ya kawo su.

Ƙanena shi kuwa zarto bai karɓe shi ba. In ya ɗora ƙafa sai ta zame, in ya ja layi sai ya karkace kamar hanyar awaki. Ga tsoro. In ƙusa ta yi tsalle daga guduma, kafin ta faɗi shi ya kai bakin titi. Ni na koya masa riƙon fensir, ni na koya masa yadda ake karanta awo, kuma ni nake gyara ɓarnarsa kafin Baba ya gani. A lokacin tausayinsa nake ji.

Wata rana Baba ya je Kano sayen ƙusa da fenti, ya dawo da wani kwali a rungume. Da aka buɗe sai ga injin zarto na hannu, mai aiki da lantarki. Faifai ne na ƙarfe zagaye da haƙora, da murfi mai rufe haƙoran da kansa in an ɗaga injin daga katako, da mariƙi biyu, da doguwar waya. A lokacin ba kowace rumfa ke da irinsa ba a layinmu, maƙwabta suka taru ana ta sa albarka. Ni kuwa har na fara goge hannuna a jikin wando, don ban ga wani mai riƙe shi ba in ba ni ba.

Baba ya miƙo min shi, ba a jona da wuta ba. Ya ce, "Kai, riƙe mu gani."

Na karɓa, na ji nauyinsa, na saita shi a kan wani katako da ke benci. Wallahi ban san lokacin da ƙafata ta fita daga takalmi ta hau katakon ba. Baba bai dubi fuskata ba, ƙafar ya duba. Ya ce, "Kawo." Ya miƙa wa ƙanena. Shi kuma ya kama shi da hannu biyu, ya nesanta shi da cikinsa, ya koma gefe guda, ƙafafunsa a ƙasa kamar an kafe su da ƙusa. Har kaffa-kaffa yake yi da shi, alhali abin ko numfashi ba ya yi.

Baba ya ce masa, "Kai za ka riƙa yanka da shi."

Na ce, "Baba, shi fa ko miƙaƙƙen layi ba ya iya bi."

Ya ce, "Inji zai bi masa layi. Kai wa zai sauke maka ƙafa?"

"Sai in sauke abata."

"Ai ba kai ka ɗora ta ba. Ita ta hau."

Sannan ya yi bayani, ba ni yake kallo ba, maƙwabtan yake kallo. Ya ce wanda ya sayar masa ya ja masa kunne, in katako ya matse faifan ana tsakiyar yanka, injin ba ya tsayawa, da baya yake dawowa kamar harbin jaki, kuma duk abin da ya tarar a bayansa shi zai ci. A bayan zarto kuwa ƙafata take zama tun ina yaro. Maƙwabta suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne. Na tsani kowannensu a wannan ranar.

Daga nan rayuwar rumfa ta juye. Katakon da nake shafe hantsi ina yanka, ƙanena kan gama da shi kafin shayi ya huce. Masu kawo aiki da suka saba tambayata suka koma cewa, "Ina mai injin?" Ina zaune a gabansu za su ce za su jira ya dawo daga masallaci. Aikina ya zama riƙe masa ƙarshen dogon katako don kada ya lanƙwashe, sai gyaran baki da sassaƙar da inji ba ya yi. Ni da ake tsayawa kallo, na koma mai tallafe wa ƙanena katako, garin katako na zubo min a kai. Kishi na yi, ba ɗan kaɗan ba. Irin kishin da in na ji ƙarar injin daga nesa sai abinci ya fita daga raina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake shiryawa kafin ya kunna. Ni na sa wa abin suna alwala. Zai cire doguwar riga ya rataye, ya naɗe hannun ta ciki, ya tura gindinta cikin wando. Zai cire zobe da agogo, ya zaro carbi daga aljihu ya ajiye. Zai sa takalmi rufaffe da tabarau, ya toshe kunne da auduga. Sai ya bi katakon da ido da yatsa yana neman tsohuwar ƙusa. Sai ya buga ƙusa ya kafe katakon a jikin benci, tunda shi ƙafarsa ba ta riƙe komai. Sai ya saita zurfin faifan, haƙora su leƙo ƙasan katako kaɗan kawai. Sai ya taɓa murfin ya saki, ya ga ya koma da kansa. Sai ya jefa wayar ta bayan kafaɗarsa. Duk wannan ana jira, mai aiki na tsaye, ni ina riƙe da ƙarshen katako hannuna na sagewa. In ya kunna ma ba zai taɓa katako ba sai injin ya gama ɗaukar gudu, kuma ba ya tsayawa a bayansa, kullum a gefe. In ya gama ba zai ajiye ba sai faifan ya tsaya cik.

Nakan ce, "Malam, an idar da alwalar ko da saura shafar kai?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, da saura kaɗan."

Ko fushi ba ya yi, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Da zai yi min girman kai da na sami abin kamawa. Ko an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, in zai taɓa faifan sai ya je ya zare wayar daga bango. Na taɓa ce masa, "Wutar da babu ita kake tsoro?" Ya ce, "Yaya, wutar garin nan in za ta dawo ba ta sallama." Baba yana jin haka ya yi dariya har da tafa hannu, ya maimaita wa mai shayi, ya maimaita wa duk wanda ya shigo rumfar ranar. Ni na yi shekara da shekaru ina yanka miƙaƙƙen layi a gabansa, ban taɓa jin ya maimaita wani abu nawa ga kowa ba.

Wasu kafintoci a layinmu da suka sayi nasu injin daga baya sukan ɗaure murfin da robar taya don ya daina tare musu gani. Na taɓa ba ƙanena wannan shawara a gaban Baba, don dai in nuna ni ma na san wani abu. Baba ya juya ya ce wa ƙanena, "Ran da na ga roba a jikin murfin nan, ran nan ka bar rumfata." Ni aka yi wa faɗan, amma ko faɗan ma ta hannun ƙanena ya biyo.

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kunya ce, kai ma ka sani. Wa ya taɓa yabon ɗan fari a bainar jama'a?" Na ce mata ni ba yabo nake nema ba, inji nake nema. Ta ce in godiya nake da ita, in ƙirga yatsun ƙafata in ga ko akwai wanda ya ɓace. Na tashi na bar mata ɗakin. A lokacin na yi aure har da 'ya'ya, amma na fito ina huci kamar wanda aka hana ƙosai.

Kowace shekara kafin ruwa ya cika kogi, akwai wani Alhaji mai fataucin kifi a Gashuwa da ke kiranmu mu haɗa wa masuntansa kwale-kwale. Mukan loda kaya a bayan akori-kura, mu sauka a bakin kogi ƙarƙashin wasu goruba, ya kawo janareta. Katakon jirgi dogo ne, mai kauri, sau da yawa bai gama bushewa ba, kuma a tsawonsa ake tsaga shi. Kafin zuwan inji ni nake tsaga su duka da hannu, amma a lokacin jirgi ɗaya ko biyu Alhaji ke nema. Da ya ga saurin inji sai ya ƙara yawan aikin.

Wata shekara, ana gobe tafiya, zazzaɓi ya kwantar da ƙanena. Ba zan ɓoye ba, na je na duba shi, na yi masa sannu da zuciya ɗaya, amma da na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Muka tafi Gashuwa ni da Baba. Ya sa injin a buhu ya ɗora a cinyarsa tun daga Nguru, bai ba ni ko riƙo ba.

Da muka isa sai ya ce in fara da zarton hannu, wataƙila ƙanena ya ji sauƙi ya biyo mu. Na yi ta tsaga har kafaɗata ta ƙage, tulin katako bai san an taɓa shi ba. Ruwa kuma ya fara hawa, kullum da safe sai mu ga ya ci wani yanki na gaɓa. Alhaji ya zo ya tsaya, ya dubi tulin, ya dubi kogin.

Ya ce, "Malam, kifi ba zai jira mai zazzaɓi ba fa. Ga inji a buhu, ga ƙato a tsaye. Mene ne matsalar?"

Baba ya ce, "Ƙafarsa ce matsalar."

Alhaji ya dubi ƙafata sama da ƙasa, ya ce, "To a yi masa dabaibayi mana, ai akwai igiya." Masunta suka fashe da dariya. Ni ma na yi, ta dole.

Baba shi idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, ba zai iya ba. Can ya kwance bakin buhun ya tura min da ƙafa. Ya fara lissafa min ƙa'idoji, na tare shi na ce na sani. Kuma na sani ɗin. Shekarun da na yi ina hararar ƙanena ba su tafi a banza ba, babu motsinsa ɗaya da ban haddace ba. Na cire riga, na cire agogo, na ari takalmin roba a wurin wani masunci, na sa tabarau. Na duba ƙusa, na kafe katako, na saita zurfi, na gwada murfi. Alwalar da na yi wa dariya, na yi ta cif ban tsallake komai ba. Baba ya jawo kujera ya zauna ta gefen hagu, sandarsa a kan gwiwa.

Na kunna. Wayyo daɗi! Katakon da ke jiƙa ni da gumi ya riƙa buɗewa a gabana kamar ana yanka kabewa. Layi kuwa ko ƙanena bai taɓa fitar da irinsa ba, don shi inji ke ja masa, ni kuwa idona ya san katako. Na farko ya fita, na biyu ya fita. In tsagar ta yi nisa sai in tsaya, in bar faifai ya huta, in cusa ɗan guntun katako a bayanta don kada ta rufe, kamar yadda yake yi. Masunta suka daina dariya suka matso. Na saci kallon Baba, ba hannuna yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Wajen la'asar na kama wani katako ɗanye mai nauyi. Na kai tsakiya sai ƙusar da na kafe shi da ita ta saki, ya fara rawa a ƙarƙashin injin. Abin da ya kamata shi ne in saki makunni in tsaya. Kaina ya san haka. Amma kafin kaina ya gama tunani, ƙafar hagu ta riga ta hau, da takalmin robar da komai, ta danne katakon a bayan injin, daidai kan tsagar. Sai na ji sanda a ƙwaurina, duka irin wanda tun ina yaro Baba bai yi min ba. Ƙafar ta fizge ta sauka. A daidai nan katakon da na danne ya lanƙwasa ya cije faifan, injin ya yi wata ƙara ya taso da baya. Da ba da hannu biyu na riƙe ba da ya ƙwace. Na saki makunni, murfin ya rufe, amma kafin nan haƙoran sun riga sun kafta wani rami a kan katakon, a wurin da sawun takalmin yake, da laka a jiki.

Wani ya kashe janareta. Na tsaya da injin a hannu ina jin ƙwaurina na zafi, kuma ba tsoro ne ya fara zo min ba, takaici ne. Na ce a raina shi ke nan, ya sami hujjarsa a gaban shaidu, har in mutu ba zan sake taɓa abin nan ba. Na zare wayar, na ajiye injin kusa da buhu, na koma gindin goruba na zauna.

Baba ya tashi. Ya bi tulin guntaye ya zaɓo wasu sanduna masu kauri, ya ɗauki zarton hannu, ya yanke su tsawo ɗaya da hannun nan nasa mai rawa. Ya kifar da ɗaya daga bencinmu biyu, ya ɓalle gajerun ƙafafun, ya buga waɗannan dogayen, ya gicciya musu katako don kada su yi rawa. Na biyun ma haka. Kafin a kira magariba ya gama. Ya miƙar da su, sai ga benci ya kai min cibiya.

Ya ce, "Kai, zo. Ɗora ƙafar mu gani."

Na ɗaga, ba ta kai ba. Na sake ɗagawa, na kusa faɗuwa da baya. Masunta suka sake dariya, Alhaji ya ce wannan dabaibayin ya fi nasa.

Baba ya ce, "Gobe ka ci gaba. Ka ƙara ƙusa, ɗanyen katako ba ya riƙe guda ɗaya."

Na ci gaba. Ranar farko na ji ƙafar tana ɗagawa da kanta in katako ya motsa, ta daki iska ta dawo. Daga baya ta haƙura. A tsaye nake aiki, bayana a miƙe, ina gefe, ina ganin layi sarai. Na tsaga tulin nan kaf ba tare da injin ya sake ko tari ba, muka haɗa jiragen kafin ruwa ya iso gindin gorubar. Alhaji ya shafa gefen ɗaya ya ce bai taɓa samun haɗin da bakinsa ya zauna haka ba. A gaban Baba ya faɗa. Baba ya ce katakon bana ne mai kyau.

Ranar komawa muna zaune a bakin hanya muna jiran mota, kayanmu a ɗaure, dogayen bencin nan biyu a kife a kai. Ina ta kallon ƙafafunsu. Guntayen katako ne da aka zubar, da 'yan ƙusoshi, aikin da tsoho mai rawar hannu ya gama tsakanin la'asar da magariba. Irin waɗannan guntayen suna nan jibge a bayan rumfarmu ta Nguru, har Inna na aikowa a ɗebo mata na hura wuta. Na yi ta juya abin a raina, na tuna duk shekarun da na yi a ƙarshen katako ina shan gari, har na kasa haɗiyewa.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Uhm."

"Wannan dabarar, a nan ta zo maka?"

"Wace dabara? Ƙara wa benci tsawo? Ai kowane kafinta ya san wannan."

"To me ya hana a yi tun ranar da aka kawo injin?"

Ya dube ni, kuma ina jin rabon da ya dube ni ido cikin ido haka har na manta. Babu fushi a fuskarsa, babu kunya, mamakin tambayar kawai yake yi.

Ya ce, "To, ai ƙanenka yana nan."

Sannan ya ce in miƙo masa buta, zai yi alwala kafin mota ta zo. Na miƙa masa.